Mai tari ya je asibiti da ƙafarsa, me ya sa ake watanni kafin a gano tarin fuka ne?

Zauren Lafiyar Zango, Kumasi

Abdul Karim, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kada su ɗauke ta a matsayin cin fuska. Duk shekara idan 24 ga Maris ta zagayo, ranar tarin fuka ta duniya, saƙon da ake mana a rediyo da masallatai guda ne: ku daina zama a gida, ku daina jiƙe-jiƙe, ku zo asibiti da wuri. Na yarda akwai masu zama a gida. Amma abin da idona ke gani a unguwarmu shi ne mutane suna zuwa. Su kama layi tun bayan asuba da katin inshora a hannu, a ba su maganin maleriya da na tari, su koma gida. Su sake dawowa a ce taifot ne. Sai mutum ya rame ƙashin wuya ya fito, ko ya fara tofar da jini, sannan wani ya ce a kawo kaki a gwada. To wannan jinkirin na wane ne?

Sista Rukayya:
Wa alaikumus salam, Yaya Abdul Karim. Ba cin fuska ba ne, kuma ba ƙarya ka faɗa ba. Jinkirin nan gida biyu ne. Daga ranar da tari ya fara zuwa ranar da mutum ya fita neman magani, wannan nasa ne. Daga ranar da ya fara zama a gaban ma'aikacin lafiya zuwa ranar da aka ɗora shi a kan magani, wannan yana wuyanmu. Na biyun ne ba a cika faɗa a rediyo ba.
Ƙa'idar shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa a fili take. Tari ya kai sati biyu, a gwada kaki. Idan akwai rama, ko zufar dare, ko zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ba sai an jira sati biyun sun cika ba. Mai ɗauke da HIV kuwa ko tarin jiya ne a duba shi. Gwajin kaki kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin ma kyauta ne.

Abdul Karim, Aboabo:
To Sista, idan ƙa'idar a rubuce take, kuma kyauta ne, me ke hana a bi ta?

Nasiru, Sawaba:
Rashin kula ne kawai. Kana magana ana rubutu, ko fuskarka ba a kalla ba. Ni zan iya faɗin sunan asibitin da aka yi wa ƙanena haka.

Alhaji Mumuni, shugaban zaure:
Nasiru, dokar zauren nan tana nan. Ka faɗi abin da ya faru, ban da sunan asibiti, ban da sunan ma'aikaci. Mu gyara muke nema.

Abdul Razak, mataimakin likita:
Na gode Alhaji. Ɗan'uwa Nasiru, bari in nuna maka ɗakin duba marasa lafiya daga gefen kujerar da nake zaune, ba don in wanke kowa ba.
Ranar Litinin a lokacin hunturu, layi ya fita har waje, kuma kusan duk wanda ya shigo tari yake yi saboda ƙura da sanyi. Galibinsu mura ce, za ta wuce da kanta. Mai tarin fuka yana cikinsu, kuma a watan farko babu abin da ya bambanta shi da na kusa da shi. Yana tafiya da ƙafarsa, yana magana daidai, na sa abin sauraron ƙirji sau da yawa ba na jin komai. Abin da zai fito da shi tambaya ce: tun yaushe kake tarin nan? Ka rame? Kana jiƙa riga da zufa da dare? Akwai mai tari a gidanku? Minti guda ya isa a yi su, amma idan mutum ya ce "zazzaɓi nake ji" tun daga ƙofa, hankali yakan tafi wajen zazzaɓin.
Kuma ga inda gizo ke saƙar. A ƙasar da sauro bai yankewa, babba zai iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsa ba tare da ita ce ke sa shi ciwo ba. Ka tura shi gwaji, sakamako ya nuna akwai. Kai ka samu amsa, shi ma ya samu suna ga ciwonsa, kowa ya gamsu, an rufe fayil. Gwajin bai yi ƙarya ba, amma ba ita ce ke cin sa ba. Na taifot ya fi muni, domin gwajin Widal da ake yawan yi yakan nuna akwai ga mutanen da ba su da taifot sam. Mutum nawa ne a Zango suka sha maganin taifot zagaye bayan zagaye alhali huhunsu ne ke ruɓewa?

Nasiru, Sawaba:
To ai ka ga maganata ta fito. Kun san gwajin ba abin dogaro ba ne amma kuna yi.

Abdul Razak, mataimakin likita:
Wasu wuraren sun daina, wasu suna yi. Kuma marasa lafiya da kansu suna nema. Mutum ya zo ya ce a yi masa gwajin taifot, ka ce ba ya bukata, ya fita ya biya a wani ɗakin gwaji na kuɗi ya dawo maka da takarda.

Awudu, Suame Magazin:
Salam. Ni na yi ciwon nan kuma na warke, alhamdu lillahi, don haka ina da abin faɗa. Aikina walda da gyaran bodin mota, kullum cikin hayaƙi da ƙurar fenti. Da tari ya kama ni, duk inda na je da zarar na faɗi sana'ata sai a ce ai hayaƙi ne, ka riƙa rufe hanci. Sana'ar tawa ta zama amsar kowa.
Wani wuri aka ba ni sifro, wato ciprofloxacin. Wallahi na ji sauƙi. Zazzaɓin ya sauka, tarin ya ragu, na koma aiki ina godiya. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya fi na da. Na sake samun irinsa, na sake jin sauƙi, ya sake dawowa. A tsakanin nan har sai da na sa ƙusa na huda sabon rami a bel ɗina, wando ba ya tsayawa. Matata kullum da safe sai ta fitar da zanen gado ta shanya saboda zufa, ko da sanyi ake.
Wadda ta gano ni wata nas ce a wurin awon nauyi, ba ma likita ba. Ta ɗora ni a sikeli, ta buɗe fayil ta duba awon da aka yi mini a baya, ta dube ni ta ce, "Maigida, ina sauran naman jikinka ya tafi?" Ita ta rubuta a saman katina cewa a gwada kaki. Lambobin suna cikin fayil ɗin tun tuni, babu wanda ya haɗa na da da na yanzu.

Sista Rukayya:
Malam Awudu, Allah ya ƙara lafiya. Sauƙin da ka ji da sifro ba sa'a ba ce. Shi da danginsa irin su levofloxacin suna taɓa ƙwayar tarin fuka, su danne ta ba su kashe ta ba. Levofloxacin ma yana cikin magungunan da ake amfani da su ga tarin fuka mai bijire wa magani. Shi ya sa ake gargaɗin kada a ba wanda ake zargin yana da tarin fuka irin waɗannan kafin a gwada shi. Suna ɓoye ciwon, suna iya sa gwajin kaki ya fito babu komai, kuma suna koya wa ƙwayar yadda za ta jure maganin da za a bukata nan gaba.

Baba Sule mai kantin magani, Asawase:
Na san daga nan kan masu kantin magani maganar za ta juyo, bari in riga ku. Shekaru da dama ina wannan sana'a. Mutum ya zo da dare, ya taso daga kasuwa, ya ce Baba ba ni na tari. Na ce je asibiti, ya ce idan na je asibiti gobe wa zai ciyar da yarana. Na hana shi, ya taka zuwa kanti na gaba. Lasisinmu bai ba mu damar sayar da irin su sifro ba, ni ba na ajiye shi, amma ba zan rantse wa kowa ba. Abin da nake so ku sani, mu ne ƙofar farko ga yawancin mutanen Zango, kafin asibiti. Amma sau nawa ake kiranmu a koya mana alamomin ciwon nan? Sau nawa aka ba mu takardar tura mutum gwaji?

Abdul Karim, Aboabo:
Baba, da girmanka, ba na musun haka. Amma idan mutum guda ya dawo maka sayen maganin tari karo na uku, ai kai ka fi likita sanin tarin ya daɗe. Likita yau ya fara ganinsa, kai kana ganinsa kullum.

Baba Sule mai kantin magani, Asawase:
Wannan gaskiya ne, ɗana. Kuma ina faɗa musu. Sai dai faɗa da baki daban, takarda a hannu daban. Mutum ya isa asibiti ya ce mai kanti ya ce a gwada mini kaki, a yi masa kallon wanda ya zo koya wa likita aiki. Da akwai wata 'yar takarda mai tambari da za ta kai shi kai tsaye ɗakin gwaji ba sai ya bi dogon layi ba, da mutane da yawa sun je.

Mubarak, ɗalibin kiwon lafiyar al'umma:
Salam iyayena da yayyena. Bari in kawo abin da ya wuce unguwa guda. A 2013 Ghana ta yi binciken ƙasa baki ɗaya, aka bi mutane har garuruwansu da na'urar hoton ƙirji da gwajin kaki. Aka tarar yawan tarin fuka a ƙasar nan ya kai kusan ninki huɗu na abin da ake ƙiyastawa kafin lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kimanin mutum 44,000 ke kamuwa a Ghana duk shekara, kuma waɗanda ake ganowa a sa a rajista ba su kai rabi ba. Sauran ba a daji suke ba. Da yawansu sun ratsa ta wani kanti, ko asibitin kuɗi, ko na gwamnati, sun fita da wani magani daban.
Wani abu kuma da irin wannan bincike ya nuna a ƙasashe da dama: kusan rabin waɗanda gwaji ya tabbatar suna da ciwon ba su ba da labarin dogon tari ba, hoton ƙirji ne ya tona su. Ke nan ko an bi ƙa'idar sati biyu sau da ƙafa, wasu za su zille. Kuma hukumar ta ce mai ciwon da ba ya kan magani zai iya sa wa mutum 5 zuwa 15 a shekara. Ku auna wannan da gidajen hayarmu a Aboabo da Sawaba, ɗaki guda mutum shida, taga guda ita ma a rufe saboda sauro.

Hajiya Lanti, Kejetia:
Ɗana Mubarak, Allah ya yi albarka. Ni a kasuwa nake, kuma 'yan matan nan masu ɗaukar kaya su ne nake tausayi. Yarinya ta zo daga Arewacin Ghana, ba ta jin Twi sosai, ba ta jin Turanci, wata ko Hausar ma kame-kame take. Ta je asibiti ta nuna ƙirji ta yi tari, shi ke nan bayaninta. Wa zai tambaye ta zufar dare da wane baki? Kuma da dare su goma sha ne kwance a shago guda.

Malam Tanko, limami:
Hajiya ta taɓo inda nake so in yi magana. Ana yawan kirana in raka dattawa asibiti, musamman baƙi daga Nijar da Arewacin Najeriya da suka zo fatauci. Idan babu mai jin Hausa a ɗakin, ɗa ko suruki ake sa wa ya yi tafinta. To dattijo zai faɗa a gaban surukinsa cewa yana tofar da jini? Ko mace ta faɗa a gaban ƙanin mijinta? Mutanenmu suna ganin ciwon nan abin kunya ne, suna haɗa shi da ƙanjamau, suna tsoron a ware musu kwano da buta. Sai a tambaya a ce babu komai, ɗan tari ne. Likita ya rubuta ɗan tari. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma wanda ya yi karatun aikin shi ya kamata ya san mutane suna ɓoyewa, ya fitar da ɗan rakiya waje na minti biyu, ya nemi ma'aikaci mai jin yaren.

Sista Rukayya:
Allah ya gafarta Malam, don Allah ku taya mu faɗa a mumbari: ba a ɗaukarsa ta kwano ko cokali ko musabaha. Ta iska ne, idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa a wurin da iska ba ta ratsawa. Kuma da zarar ya fara shan maganin da ya dace, cikin 'yan makonni haɗarin ya sa wa wani yana raguwa ƙwarai. Wanda ba a gano ba shi ne abin tsoro a gida. Gwajin HIV kuwa duk mai tarin fuka ake yi wa tayinsa, domin idan akwai su biyun maganin ya bambanta. Ba zargi ba ne, kuma yawancin masu tarin fuka a Ghana ba su da HIV.

Yakubu, ɗakin gwaji:
Kowa yana magana kamar da an rubuta "a gwada kaki" an gama. A wurinmu ne aikin ke farawa, kuma nan ma ana asarar makonni.
Na miƙa wa mutum ɗan kofin roba mai murfi. Idan ban tsaya na yi masa bayani ba, zai zagaya baya ya tofa yawu ya kawo mini. Yawu ba kaki ba ne. Abin da ake so ya kurkure baki da ruwa, ya fita fili inda iska ke kaɗawa, ba banɗaki ba, ya ja numfashi mai zurfi ya saki kamar sau uku, sannan ya yi tari daga can ƙasan ƙirji har abu mai kauri ya fito. Na safe kafin a ci komai ya fi kyau. Wasu suna jin kunyar yin irin wannan tarin a gaban jama'a, sai su ce za su kawo gobe. Da yawa goben ba ta zuwa, kofin yana cikin jaka.
Sannan irin gwajin. Na madubin ƙara girma, wanda aka gada tun zamanin Robert Koch da ya gano ƙwayar a 1882, sai akwai dubban ƙwayoyi a cikin ɗan kakin kafin ido ya gan su. Yana kuskure mutane da yawa, musamman yara da masu HIV. Gwajin na'urar GeneXpert kuwa, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, yana kama ƙwayar ko kaɗan ce, cikin kamar awa biyu, kuma ya faɗa maka ko tana jure rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Shi ne gwajin farko a ƙa'idar Ghana yanzu. Amma ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Ƙananan wurare sai su tara kofuna a jira mai babur ya kai inda take. Na'urar tana son wuta mai tsayawa da ɗaki mai sanyi, wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, kwalin gwajin ya tashi a banza. Kwalayen kansu daga waje ake kawo su, wani lokaci su yanke. A 2020 kuma da korona ta zo, aka rufe Accra da Kumasi, na'urori da ma'aikata da yawa suka koma kanta, mai tari ma yana tsoron ya yi tari a asibiti.
Na ƙarshe, sakamako ya fito akwai ciwo, na ɗauki waya in kira lambar da ke rajista, a kashe, ko ta maƙwabci ce da ya yi tafiya. Adireshi kuma "bayan masallaci, Aboabo". Masallaci nawa ne a Aboabo?

Abdul Karim, Aboabo:
Yakubu, wannan na ƙarshen ya girgiza ni. Wato akwai mutanen da an riga an gano ciwonsu amma su ba su sani ba?

Yakubu, ɗakin gwaji:
Akwai, Yaya. Takardar tana cikin durowa, mai ita yana gida yana tari a kan 'ya'yansa. Masu bin sawu suna ƙoƙari, amma ba kullum ake da kuɗin mai ko katin waya ba. Duk wanda ya ba da kaki ya bar lamba biyu, kuma ya tambayi ranar da zai dawo. Kada ya ce tunda ba a kira ni ba lafiya ta ƙalau.

Mma Hawa, Sepe:
Ni jikata ce, tana shekara huɗu a lokacin. Ba ta tari ko kaɗan. Wani ƙululu ne ya fito mata a gefen wuya, ba ya ciwo, ba ya tafiya. Ta daina wasa, ta daina cin abinci. Aka ce hangum ne, aka ce haƙori ne, aka ba da ruwan magani kala-kala da na ƙarin jini. Wani ma ya duba kafaɗarta ya ga tabon rigakafin haihuwa ya ce ai an yi mata BCG, ba zai zama tarin fuka ba. Sai da aka tura mu babban asibiti aka ɗebi ruwan ƙululun da allura sannan aka gano. Abin da har yau ke mini zafi, kawunta da ke kwana ɗaki ɗaya da su yana kan maganin tarin fuka a wannan lokacin, kuma babu wanda ya tambaye mu ko akwai mai ciwon a gida. Mu kuma ba mu san yana fitowa a wuya ba, balle mu faɗa.

Abdul Razak, mataimakin likita:
Mma, Allah ya raya ta. An yi saki biyu a nan. Ranar da aka sa kawun a magani ya kamata a duba duk mutanen ɗakin, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma ko ba su da alama a ba su maganin kariya. Na biyu, BCG yana kare ƙananan yara ne daga munanan nau'o'in ciwon kamar na ƙwaƙwalwa, ba ya hana kamuwa gaba ɗaya. Tarin fuka yana kama wuya, ƙashin baya, ciki, har ƙwaƙwalwa, kuma waɗannan su suka fi daɗewa ba a gano ba, don kowa tari yake jira. Mai na ƙashin baya sai ya shekara yana shan maganin ciwon baya. Yara kuma ba su iya fitar da kaki, shi ya sa yanzu aka amince a gwada bayan gidansu da GeneXpert.

Nasiru, Sawaba:
Ni har yanzu akwai abin da ba a faɗa ba. Asibitocin kuɗi fa? Idan ya tura ka gwajin kyauta a na gwamnati ya rasa ciniki. Idan ya kwantar da kai ya sa maka ruwa da allurai ya samu kuɗi. Wanne zai zaɓa?

Sista Rukayya:
Nasiru, kada mu yi musu kuɗin goro. Akwai asibitocin kuɗi da na mishan da ke aiki da shirin ƙasa, suna tura kaki, suna ba da maganin kyauta. Akwai kuma waɗanda abin da ka faɗa yana faruwa a cikinsu. Ni abin da na fi gani rashin haɗin hanya ne: ƙaramin asibiti ba shi da kofin kaki, ba shi da fom, bai san wa zai kira ba, sai ya yi abin da ke hannunsa.

Nasiru, Sawaba:
Sista, ni ban gamsu ba. Wanda ya iya buɗe asibiti ya iya neman kofin roba.

Mubarak, ɗalibin kiwon lafiyar al'umma:
Yaya Nasiru yana da hujja a nan. Amma akwai wani abu da ya haɗa duka labaran da aka bayar. Mai tari yakan fara da kanti, bai ji sauƙi ba ya je asibitin kuɗi, daga nan na gwamnati, daga nan wani daban da aka ce likitansu ya iya. A kowane wuri sabon kati, sabon fayil. Shi a ransa wata uku yake neman magani, amma ga duk wanda ya gan shi wannan zuwan farko ne, kuma a zuwan farko maganin kashe ƙwayoyin cuta na sati guda ake bayarwa a ce in bai tafi ba ka dawo. Ba ya dawowa, gaba yake yi. Ko a asibiti guda ma, yau wannan ma'aikaci gobe wancan.

Awudu, Suame Magazin:
Haka na yi kuwa. Amma dalili, idan ka koma wurin da aka ba ka magani bai yi ba, ji kake kamar asarar wuni ce. Babu wanda ya taɓa ce mini, "Idan wannan bai yi ba, akwai gwajin da za mu yi na gaba, sunansa kaza." Da an faɗa mini haka da na koma.

Abdul Razak, mataimakin likita:
Wannan jumlar da Malam Awudu ya faɗa ya kamata a manna ta a bangon kowane ɗakin duba marasa lafiya. Kuma akwai waɗanda bai kamata a tsaya gwada musu magani ba tun farko: mai ciwon suga, don haɗarinsa ya ninka kusan sau uku, mai HIV, wanda ya fito daga gidan yari, mai shan taba da yawa, da duk wanda ya yi aikin haƙar zinariya, a Obuasi ne ko a ramukan galamse, wato haƙa ta bayan fage. Ƙurar dutsen tana lalata huhu, tarin fuka ya samu wurin zama. Samarinmu da yawa suna zuwa can su dawo da tari, kuma ba a cika tambayarsu inda suka yi aiki ba.

Samira, Akrom:
Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare, na karanta duka. Mahaifiyata tana tari tun kafin azumi, tana da suga, tana ramewa. An gwada kaki an ce babu komai, aka ba ta maganin sati guda. Ta gama, tarin yana nan. Yanzu yayyena suna cewa tunda asibiti sun ce babu, mu koma na gargajiya. Me zan yi?

Yakubu, ɗakin gwaji:
Ƙanwata, duba takardar sakamakon ki ga wane gwaji aka yi, na madubi ne ko GeneXpert. Kuma ki tambayi Mma abin da ta zuba a kofin, kaki ne mai kauri ko yawu.

Samira, Akrom:
Ta ce ta kasa fitar da komai a wurin, abin da ya zo bakinta ta zuba. Takardar kuma ba su ba mu ba.

Abdul Razak, mataimakin likita:
To wannan "babu" ɗin ba abin dogaro ba ne. Ki mayar da ita asibitin da fayil ɗinta yake, kada ku canja wuri. Ki tafi da kwalayen duk magungunan da ta sha, har na kanti. Tun a bakin ƙofa ki faɗi abu uku kafin komai: tsawon lokacin tarin, ramar, da sugan. Ki ce magani ya ƙare ba sauƙi, kuna roƙon a sake gwajin kaki da GeneXpert, a kuma ɗauki hoton ƙirji. Ki karɓi kofin yau ko gobe, ta yi na safe a tsakar gida yadda Yakubu ya bayyana, ki kai da wuri. Idan shi ma ya fito babu kuma hoton bai yi kyau ba, ki nemi a tura ku babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, domin ba tarin fuka kaɗai ke sa dogon tari da rama ba, kuma dukkansu suna bukatar a gano su. Kafin nan ku bar tagar ɗakinta a buɗe da rana, ƙananan yara su kwana a wani ɗakin, kuma kada kowa ya saya mata sifro.

Sista Rukayya:
Samira, idan babu mai jin Hausa a ɗakin da za ku shiga, ki yi mini magana ta akwatin sirri tun kuna layi, zan kira ki in yi mata tafinta ta waya.